Marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina (1923–1999): Ɗan Tallan Goro da Ya Zama Mawaƙin Kowa

A wannan fitowa, filinmu na tarihin mazan jiya zai waiwayi wani bawan Allah wanda da wuya a sami Bahaushe mazaunin Ikko, babba ko yaro, da bai taɓa jin muryarsa ba, ko da kuwa bai san komai game da rayuwarsa ba. Wannan mutum shi ne marigayi Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina.

Dattawanmu na Jankara da Agege da Idi-Araba da Obalande ba su manta da shekarun 1970 da 1980 ba, lokacin da in magariba ta wuce aka taru a teburin mai shayi, rikoda na gefe, kaset ɗin Shata na juyawa a ciki. Ɗan goro da mahauci da mai gadi da direban da ya sauke kaya a Apapa, kowa ya yi tsit, hankalinsa ya koma gida. Yau fiye da shekara 20 ke nan da rasuwarsa, an haifi yara da yawa a nan waɗanda suka san sunan amma ba su san mai sunan ba. Saboda su, da kuma saboda mu kanmu, muka ga ya kamata mu kawo tarihinsa a taƙaice.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa da ke ƙasar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma ana kiran ta Lariya. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A ƙasar Hausa ta wancan zamani sana'a gadonta ake yi: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga. Wanda bai gaji kiɗa ba ya ce zai yi, to ya jawo wa danginsa abin faɗa, domin kuwa ana ɗaukar waƙa a matsayin roƙo, maroƙi kuma ba a ba shi wurin zama na mutunci. Wannan ne ya sa mahaifin Shata bai so ɗansa ya bi wannan hanya ba.

Ya yi karatun allo kamar sauran yara, ya yi noma, sannan aka ɗora masa talla. Ya sayar da goro, ya kuma sayar da alewa. Mu da muke zaune a Agege mun san abin da goro yake nufi. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 kakanninmu suke sayen goro a gonakin Yarbawa na Agege da Shagamu, su shimfiɗa ganyen fita, su ɗaure huhu, su loda a jirgi ya yi Arewa, inda za a rarraba shi kasuwa-kasuwa har ya isa faifan ɗan talla a ƙauye. To irin wannan ɗan talla ne Shata yana yaro.

Sai dai fa shi ba a yi shi don riƙon kuɗi ba. An ruwaito cewa in ya sayar da goron, kafin ya isa gida ya rabar da ribar ga mutanen da ya tarar a kasuwa ko a hanya, ya dawo hannu Rabbana. In an tambaye shi ina kuɗi, sai ya nuna ai ya yi shata da su, wato ya watsar. Daga nan ne wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu ya riƙa kiran sa Mai-Shata, sunan ya bi shi har kabari. Halin nan na sakin hannu kuwa bai rabu da shi ba har tsufansa.

Waƙa ya fara ta ne da wasa, a dandali, bayan an ci tuwon dare, inda samari da 'yan mata ke taruwa. Ba don kuɗi yake yi ba a farko. Amma a hankali sai aka ga babu wani yaro a Musawa da kewayenta da zai iya tsayawa da shi, domin in ya buɗe baki magana zuwa take yi kamar an kunna famfo. Daga ƙarshe ya ajiye faifan talla da fartanya, ya rungumi waƙa gaba ɗaya.

Bakori, Kano, Funtuwa

Kamar yawancinmu, Shata bai sami abin da yake nema ba sai da ya bar gida. Ya zaga ƙauyukan da ke kusa da Musawa, sannan ya koma Bakori bisa gayyatar Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, mai kula da sayen auduga da gyaɗa. Wannan yanki na kudancin Katsina ƙasar auduga ce, in kaka ta yi kuɗi na shiga hannun manoma da 'yan baranda da malaman awo, inda kuɗi suke kuwa nan biki yake, nan makaɗi yake samun abinci. A Bakori ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa.

Shekarar da tauraronsa ya fito sosai ita ce 1952, a birnin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A wannan shekara aka yi wani gagarumin biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarautar Kano su wajen 12 suka yi aure a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga wannan biki sarakai da attajiran Kano suka san da zamansa. Cikin attajiran da suka riƙe shi har da Alhaji Haru Ɗan Kasim, wanda aka ruwaito shi ya biya masa kujerar Makka.

A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya tare a Funtuwa. Gari ne na kan hanya, ga jirgin ƙasa, ga mota, ga masana'antar gurzar auduga, ga baƙi daga ko'ina, wato dai shi ma wani irin zango ne. Nan ya mai da gida har kusan shekara 40, ko da yake rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta.

Makaɗin da bai zauna a fada ɗaya ba

Don a gane abin da Shata ya kawo, sai an dubi yadda kiɗa yake kafin shi. Akwai makaɗan fada, waɗanda kowannensu yana da ubangidansa, shi yake ci da shi, shi yake tufatar da shi, shi kuma yake wa waƙa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo ne. Akwai kuma makaɗan sana'a da na maza: na manoma, na maƙera, na maharba, na 'yan dambe irin su Ɗan Anace. Kowa da iyakarsa, kowa da kayan kiɗansa. Taushi da kotso na fada ne. Kalangu kuwa na mahauta ne da wasan 'yan mata a dandali, kamar yadda 'yan'uwanmu na mayankar Oko-Oba za su shaida.

To Shata sai ya ɗauki wannan kalangu da ake gani na talakawa ne, ya shiga da shi har gaban sarakuna, kuma bai yarda ya zama baran kowa ba. Ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero waƙa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa 'ya'yan gidan Dikko na Katsina, amma a rana guda yana iya tashi daga ƙofar fada ya tafi tashar mota ya wasa direba. Waƙar Bawa Direba da ta Ummaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu har yau suna nan a motocin da ke bin hanyar Ikko zuwa Arewa. Ya yi wa 'yan kasuwa, ya yi wa malaman makaranta, ya yi wa soja, ya yi wa mata. Masana adabi suna sa shi cikin rukunin makaɗan jama'a, kuma shi ne ya ɗaga wannan rukuni har ya kai inda ya kai.

Wannan 'yanci ba a banza ya same shi ba. Makaɗin fada in ya kwanta ciwo ubangidansa na nan. Wanda ya tsaya da ƙafarsa kuwa kullum sai ya fita nema, in muryarsa ta daina saye shi ke nan. Mu da muka baro garuruwanmu muka zo bakin teku da jarinmu a aljihu, ba albashi ba fansho, mun san ɗanɗanon wannan zama. Wataƙila shi ya sa waƙarsa take shiga mu fiye da yadda take shiga wanda bai taɓa barin gida ba.

Yadda yake waƙa

Kalangu ice ne da aka fafe, tsakiyarsa siririya, bakinsa biyu an rufe da fata, an haɗa fatun da tsirkiya. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa ya danne a hammata, in ya matse tsirkiyar sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, sai kalangu ya zama yana iya maimaita magana. Maƙwabtanmu Yarbawa suna da irinsa, gangan, wanda mawaƙan apala irin su Haruna Ishola, da ya rasu a 1983, suka yi suna da shi. Shi ya sa Bayarabe ko bai ji Hausa ba, in ya ji kiɗan Shata sai ka ga yana kaɗa kai.

Tsarin waƙar mai sauƙi ne a ido. Shata zai yanke amshi ɗan gajere ya ba mutanensa, su yi ta maimaita shi, kalangai na tafe a ƙasa ba tsayawa, shi kuma ya hau kai yana zuba baituka. Ba ya rubutawa, kuma an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Yana iya ganin mutum yau, a gaya masa sunansa da na ubansa da garinsu da sana'arsa, kafin a tashi waƙa ta haɗu. Saboda haka ne waƙa ɗaya in ya rera ta a wurare biyu ba ta zuwa iri ɗaya, sai ya ƙara wani abu ko ya rage. Wanda ya tara kaset-kaset ɗinsa ya san haka. Yawan waƙoƙinsa kuwa ana lissafa su da dubbai, shi kansa bai riƙe adadinsu ba.

Hausarsa ba ta da ƙaƙale. Narambaɗa sai ka zauna ka yi tunani kafin ka warware wani baitin, Shata kuwa da maganar kasuwa yake waƙa, wadda yaro da tsohuwa za su gane, amma sai ya ajiye kalma a inda ba ka zata ba. Cikin duk abin da ya yi, Bakandamiya ce ake ɗauka uwar waƙoƙinsa. A cikinta yake wasa kansa, yake lissafa garuruwa da ƙasashen da ya taka da irin artabun da ya sha da abokan hamayya, kuma ya yi ta ƙara mata baituka tsawon shekaru. Wanda yake son ya ji tarihin Shata daga bakin Shata, to ya nemi Bakandamiya.

Faifai da rediyo

Allah Ya kawo Shata a daidai lokacin da na'ura ta iso. Mawaƙan da suka gabace shi, in ba ka je inda suke ba, ba ka jin su. Shi kuwa ya tarar da faifan garmaho, sannan rediyo, sannan kaset. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya riƙa watsa shirye-shiryensa a gajeren zango a wancan lokaci har ana kama shi a nan Ikko da Ibadan da Kumasi da Yamai, kuma Shata na cikin waɗanda aka fi sawa. Mutumin da ya shekara uku bai ga gida ba, in ya murɗa akwatinsa ya ji wannan murya, ya san dai Arewa na nan.

Ikko ma tana da hannu a ɗaukakarsa. Kamfanin EMI, wanda ɗakin ɗaukar waƙarsa yake Apapa a wancan lokaci, ya fitar da faya-fayan Shata masu yawa. Kamfanin nan shi ne ya fitar da wasu faya-fayan Fela Kuti, kuma a wannan ɗaki na Apapa ne Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles ta Ingila, ya zo ya ɗauki wani faifansa a 1973. Ke nan ɗan tallan goron Musawa da kalangunsa sun shiga kasuwa ɗaya da masu jita da ƙaho na duniya, ba tare da ya sauya kayan kiɗansa ko harshensa ba. Ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma inda duk akwai zangon Hausawa, ya kuma je har Ingila da Amurka.

Bai tsaya ga yabon mutane kawai ba. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, mutanen ƙauye da yawa a bakinsa suka fara jin labarin. Ya yi waƙar yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, wadda har yau ake sawa. Ya yi wa mata nasiha a kan aure, ya yi kiran mutanen Arewa su tashi su nemi na kansu, ya yi waƙoƙin noma da na dabbobi.

Inda aka yi sabani da shi

Tarihi ba ya cika sai an faɗi kowane ɓangare. Shata mutum ne mai kaifin harshe. Yadda ya iya yabo haka ya iya zambo da habaici, kuma wanda ya faɗa bakinsa ya shiga uku, domin waƙar za ta bi shi kasuwa-kasuwa har bayan ransa. Gagarabadau misali ce da kowa ya sani. Akwai manyan mutane da suka riƙa yi masa alheri rabi don ƙauna, rabi don tsoro.

Haka kuma waƙar da ya yi a kan shan barasa ta jawo masa suka mai yawa daga malamai da sauran jama'a, kuma sukar tana da hujja. Shata bai ɓoye halinsa ba, bai kuma nuna wa mutane fuska biyu ba. Ba za mu wanke abin da addini ya hana ba don muna son mai yin sa. Abin da ya rage tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, namu shi ne roƙa masa gafara.

Siyasa

Ya taɓa siyasa har da tsayawa zaɓe. A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma zaman bai yi tsawo ba aka tsige shi, bayan saɓani ya shiga tsakaninsa da manyan jam'iyyar na jihar, musamman Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Wanda ya san halin Shata ba zai yi mamaki ba. Mutumin da ya ƙi zama baran sarki, ina zai iya zama yaron wani ɗan siyasa?

Daga roƙo zuwa digiri

Tun yana da rai masana suka fara nazarinsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar MON. A duba fa: yaron da mahaifinsa ya ji kunyar ya zama maroƙi, wanda bai shiga ajin boko ba, shi ne aka sa wa rigar dakta a gaban shaihunan malamai. Wannan girma ba shi kaɗai ya amfana da shi ba, duk mai rera waƙar Hausa a yau ya ci albarkacinsa. Bayan rasuwarsa, a 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Rasuwarsa

A ƙarshen shekarun 1990 ciwo ya kama shi. An kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda neman magani, ya ɗan samu sauƙi, sannan ciwon ya dawo. Allah Ya karɓi ransa ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76, makonni uku bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. An kai shi Daura, garin amininsa kuma mai riƙe shi Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can. Ya bar mata 3 da 'ya'ya 19 da jikoki.

Abin da ya rage gare mu

Jama'a, faya-fayan garmaho sun farfashe, kaset-kaset sun ci ƙura, zaren wasu ya tsinke, ga danshin Ikko ba ya barin komai. Alhamdu lillahi waƙoƙi da yawa sun koma cikin waya da intanet, amma akwai waɗanda aka ɗauka a wurin biki ko wasa, waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba, suna nan a akwatunan dattawanmu. Duk mai irin wannan kaset, don Allah kada ya bari ya lalace, ya ba yaran da suka iya na'ura su juye shi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Da yawa cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan Yarbanci da Turancin buroka sun fi Hausa zama a bakinsu. Ba laifi ba ne yaro ya iya harshen maƙwabtansa, ai riba ce. Asarar ita ce a sa waƙar Shata a gida, uba na murmushi, ɗa na zaune kamar an sa masa waƙar Indiya. In muka zauna da su muka warware musu baiti ɗaya biyu, muka gaya musu wane ne wannan da ake wasawa, ina ne wannan gari da aka ambata, to mun koya musu Hausa da tarihi da taswirar gida a zama ɗaya, ba tare da allo ko bulala ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya yafe masa kurakuransa, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muke baƙunci a nan, Allah Ya ba mu abin da muka fito nema, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.